Saitin Gwaggo Malsun a Allo Sittin

Duk wanda ya taɓa hawa benen shagon wasan kwamfuta na Tak Dusik, can bayan kasuwar unguwar marina a birnin Daegu, ya san shagon na Dusik ne a takarda kawai. Kujerun nasa ne, tukunyar taliya tasa ce, amma launin da ke kan allunan nan sittin na yayarsa ne, Tak Malsun, kuma kaiton wanda ya taɓa mata shi. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, in ta yi magana a saman bene mai sayar da kifi a ƙasa sai ya waiwayo. Kowa a shagon Gwaggo yake ce mata, har masu furfura, domin haka Chorong 'yar Dusik take kiranta, sunan ya bi ta.

Tana da shekara goma sha biyar ta ajiye littafi ta shiga masana'antar rini, domin Dusik ya samu ya zauna a makaranta. Da jan jiƙaƙƙen yadi ta fara, cikin tururin da ke dafa fatar hannu. A shekara ta uku shugaban sashe ya same ta tana hararar wani bandir, ya daka mata tsawa, ita kuwa ko gezau, ta ce na yau ya fi na jiya ja. Ya ce ƙarya take yi. Aka kai duka biyun bakin taga aka jera, sai mutumin ya hau sosa ƙeya. Daga ranar aka mayar da ita ɗakin haɗa launi, gaban wata doguwar taga mai kallon arewa, inda rana ba ta shigowa ta yi wa ido ƙarya. Mai saye ya kawo ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ya ce irin wannan nake so, Malsun ta kalla sau ɗaya ta ce a ƙara shuɗi kaza, a rage rawaya kaza, shi ke nan. Shekara talatin da takwas babu motar da ta fita da yadi daga ƙofar nan sai ta gyaɗa kai.

Sai aka sayo wani akwati mai leƙen ƙyalle yana tofo lambobi. Ba a ce mata ta tafi ba, a'a, ai mutanen kirki ne. Aka dai daina kiranta. Ta yi wata huɗu tana zaune gaban tagarta tana kallon tattabaru, sannan aka shirya mata liyafa, aka yi tafi, aka miƙa mata furanni da tukunyar dafa shinkafa. Tukunyar dafa shinkafa fa! Idon da ya ciyar da masana'anta shekara talatin da takwas, ladarsa ke nan. Har yau tukunyar tana cikin kwalinta, Malsun ba ta taɓa jona ta ba.

Dusik ne ya ga zaman gida zai kashe ta, ya ce ta riƙa zuwa shago tana kama masa dafa taliya. Da safe kawai, domin mijinta na kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma kafin sha biyun rana dole ta koma ta ba shi abinci da magani. Ranar farko ta ɗauki kwanon taliya ta kai wa wani Gu Manho, mai gyaran firji, wanda ke zuwa ya taɓa wasa kafin a fara kiransa aiki. Ta ajiye kwanon, idonta ya faɗa kan allonsa, ta tsaya cak.

"Kai, wannan mene ne?"

"Ciyawa ce, Gwaggo."

"Ciyawa? A wace ƙasa? Wannan ai amai ne. Mutumin nan kuma me ya sami fuskarsa, zazzaɓi yake yi ko a miya aka tsoma shi?"

"Haka wasan yake."

"Haka dai kuka bar shi, sakarkarun banza."

Domin a samu lafiya, Chorong, wadda ita ke kula da kwamfutocin, ta zaunar da ita a kujera ta bakwai ta buɗe mata saitin direba, wato manhajar nan da ke gaya wa katin hoto yadda zai zuba launi a allo. 'Yan sanduna ne a jere, kowace da maɓallin da ake ja hagu ko dama: haske, duhu, kaurin launi, sai ja da kore da shuɗi kowanne da tasa. Chorong ta ɗauka minti biyar za ta yi ta gaji. Ina! Matar da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ta kama shi da hannu biyu, ta kai hanci dab da allo, taliyar mutane ta kumbura a tukunya ta zama kunu. Ta sauke kaurin launin da 'yan zamani ke turawa har ƙarshe. Ta buɗe inuwa kaɗan, yadda mutum zai ga abin da ke ƙarƙashin itace ba tare da baƙi ya koɗe ba. Ta gano maɓallin da ke share haƙoran zarton da ke gefen rufin gidaje. Da ta tashi, Manho ya leƙo ya ce, "Kai! Ashe akwai gajimare a wasan nan?"

Washegari ta zo ta tarar komai ya koma yadda yake. Ranar an ji muryar Malsun har tashar bas. Da ƙyar Chorong ta samu ta fahimtar da ita: duk kwamfutocin shagon daga uwa ɗaya suke tashi, wata babbar kwamfuta da ke kulle a ɗakin baya. Duk abin da mutum ya taɓa a kujerarsa, da an kashe an kunna ya goge. Abin da aka saita a jikin uwar shi kaɗai ke zama.

"To ba ni makullin."

"Gwaggo, ba haka ake..."

"Dusik! Zo ka gaya wa 'yarka wa ya goya ka."

Sati biyu ana ja, ita kuwa kullum da safe sai ta sake saita ta bakwai daga farko, har masu wasa suka fara faɗa a kan kujerar. Dusik ya ga haka ya miƙa makulli. Tun daga ranar allo sittin suka koma tashi da idon Malsun, kuma labari ya bazu. Mutane na tsallako kogi, suna wuce shaguna masu sababbin kujeru, su hau wannan tsohon bene don kawai su ga wasansu da kyan gani. Ba wanda zai gane abin da wannan ya yi wa Malsun sai wanda aka taɓa daina kira. An koma jiran ta gyaɗa kai, kuma wannan ne kaɗai wurin da ya rage mata a duniya da ake yin haka.

Wasan ma ta koya, don aiki. Na mafarauta ne, ana haɗuwa mutum huɗu a hau duwatsu masu dusar ƙanƙara a kashe dodanni. Ita dodannin ba su dame ta ba. Ana tsakiyar gumurzu sai ka ga maharbiyarta ta tsaya a kan tudu tana kallon ƙasa, abokan tafiya na ihu ana cinye su. Ƙanƙarar take dubawa, domin a wurinta in fari ya zauna daidai sauran launuka ba su da gardama. Manyan abokan gabarta kuwa su ne masu yin direban, waɗanda duk bayan 'yan makonni sai sun turo sabo, sabon ya share mata aiki tas. Ta tsine musu, ta tsine wa wanda ya koya musu, ta shiga ɗakin baya ta sake da ido. Chorong ta sha roƙonta ta rubuta lambobin a takarda a huta. Ta ce lamba ta marasa ido ce.

A shekararta ta shida a shagon, ƙanƙarar ta fara rawaya, kaɗan-kaɗan, kamar farar rigar da ta daɗe a akwati. Malsun ta ce ai ga shi nan, 'yan iskan nan sun sake ɓata direba, ta ja sandar shuɗi dama kaɗan, fari ya dawo. Bayan wata biyu ya sake. Ta ce allunan ne suka tsufa, ta ƙara. Ta sa Dusik ya canja fitilun rufi, ta ƙara. Kullum ranta a ɓace, domin gani take duniya gaba ɗaya ta daina kula da aiki: farantan yanzu ba su da fari, takardar yanzu ba ta da fari, shinkafa ma an fara cuɗa ta da tsohuwa.

Manho ne ya fara magana, da yake shi ba ya tsoron mutuwa.

"Gwaggo, ba don raini ba, allon nan kamar an tsoma shi a bula."

"Me ka ce?"

"Shuɗi ya yi yawa. Ni dai idona har ruwa yake yi."

"Idonka? Kai da kake wuni kana leƙen bayan firji har kana da idon da za ka kawo mini? Ci taliyarka ka tafi aiki."

Ya ci ya tafi. Amma ba shi kaɗai ba ne. Masu tsallako kogi suka daina tsallakowa. Wasu in sun zauna sai su buɗe saitin su mayar da shuɗin baya da kansu, a gaban idonta, ita kuwa ta tsaya a bayansu tana huci har su tashi.

Ran nan da safe ta nufi ɗakin baya, sai ta tarar da Chorong tsaye a ƙofar, Dusik na gefe yana goge teburin da ba shi da datti.

"Gwaggo, ina roƙonki ki bari in gama magana," in ji Chorong. "Lokacin da kika fara, shuɗin nan a hamsin da biyu yake. Yau yana tamanin da ɗaya."

"To sai me? Allo ya tsufa."

"Bara muka sauya layin gaban nan gaba ɗaya. Sababbi ne."

"To ruɓaɓɓu aka sayar muku."

Chorong ta sa hannu a aljihu ta fito da wata 'yar na'ura mai igiya, irin wadda ake ratayawa a fuskar allo ta auna launi. Da ma ba ta fito da ita ba! Ba da mugunta ta yi ba, amma wanda ya san Malsun ya san gara ka mare ta.

"Akwati," ta ce a hankali. "Ke ma akwati kika kawo mini."

"Gwaggo, aro na yi, mu gwada kawai, in ya nuna ke ce da gaskiya..."

"Shi zai nuna? Tun ubanki na yawo da majina a hanci nake raba fari kala goma sha biyu! Ke da aka haifa jiya, kin taɓa ganin fari?" Ta fizge na'urar ta yi jifa da ita, ta faɗa cikin kwandon kwanuka. Ta juya kan ƙanenta. "Kai kuma ka tsaya kamar gunki. Kai ka sa ta?"

"Yaya, mutane ne suke ƙorafi..."

"Waɗanne mutane? Waɗanda na tarar suna kallon amai suna cewa ciyawa? Dubi hannuna, Dusik. Dube shi! Wannan ƙunar ta ajinka na uku ce, wannan ta jarrabawarka ce. Ni na dahu a tururi kai kana inuwa kana karatu, yau ka haɗa kai da 'yarka ku kore ni da akwati?" Ta ciro makullin daga wuyanta ta dangwarar a gabansa. "Ga shi. Amma ka sani, ranar da ka cire saitina daga uwar nan, ranar ka binne yayarka. Ko ranar tunawa da rasuwar iyayenmu, da ake shimfiɗa musu teburin abinci, kada ka sa ran ganina."

Ta sauka bene tana kukan haushi. Kwana huɗu ba ta zo ba. Rana ta biyar Dusik ya je gidan da kansa, da furfurarsa, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ajiye makullin a gabanta.

"Yaya, an bar saitinki. Ba wanda zai taɓa miki shi."

"A allo nawa?"

"Duka sittin."

"Ita fa 'yar taka, uwar iyayin?"

"Ta yarda."

Ta bar shi a durƙushe har shayinta ya huce, sannan ta ɗauki makullin.

Shekara ɗaya da rabi Malsun ta yi tana cin wannan nasara, kuma ba da kunya ta ci ta ba. Takwas na safe tana saman bene, ta bi layi-layi hannu a baya, allo sittin suna haska mata farin da take so. Sha ɗaya da rabi ta rataya jaka ta tafi wurin mijinta. Aka ce mata shago ya koma cika da yamma, har ana jiran kujera. Ta ce wa Chorong, "Kin gani? Mutane sun dawo hayyacinsu." Chorong ta ce, "Haka ne, Gwaggo," tana kallon ƙasa. Manho ma ya daina ƙorafi, sai dai ya koma sa baƙin gilashi, wai walda ce ta taɓa masa ido. Ta ce ai dama ta gaya masa.

Abin da ya kai ta gun likita ba allo ba ne. Mijinta na shan ƙwayoyi biyu masu girma ɗaya, fara da safe, mai ɗan rawaya da rana. Wata rana 'yarsu ta zo daga Busan ta tarar da uban jiri na ɗibarsa, ta duba akwatin magani, ta ga uwar ta cakuɗa su, kwana da kwanaki tana ba shi iri ɗaya sau biyu. Malsun ta ce masu maganin ne suka mayar da su launi ɗaya. 'Yar ba Dusik ba ce, ba ta durƙusa wa kowa, sai ta sa ta a tasi. Likita ya haska ya ce yanar ido ce, duka biyun, ta yi kauri ƙwarai, har yana mamakin yadda take tsallaka titi. Malsun ta tambaye shi shekarunsa. Ya faɗa. Ta ce ta ga alama. Amma ta tuna mijinta yana tangaɗi a zaune, bakinsa ba ya iya cewa komai, sai ta sa hannu a takarda. Aka ce za a fara da na dama, na hagu sai bayan sati.

Washegarin aikin aka cire mata auduga, likita ya ce ta wuce gida ta kwanta. Gida? 'Yarta na wurin uban, babu mai jiranta da rana, saboda haka ta hau bas ta nufi shago. A hanya ta sunkuyar da kai ba ta yarda ta kalli komai ba, domin abin da ta hango ta taga ya ba ta tsoro: rigar wata mata, fara ƙal, farin da ta ɗauka an daina yin irinsa. Sha ɗaya da rabi ta riga ta wuce lokacin da ta hau bene ta tura ƙofa.

Shuɗi. Tun daga layin farko har bango shuɗi ne, shuɗin bula. Fuskokin mafarauta kamar na gawa. Manho na zaune a kujerarsa da baƙin gilashi, hasken ya mayar da taliyarsa ruwan toka. Ta rufe idon dama da tafin hannu: fari tas, aikin gwani, babu abin gyarawa. Ta buɗe shi ta rufe na hagu: bula. Ta sake, ta kuma sakewa. Ta dafa kujera.

Kunya ce ta fara kama ta, kunya mai zafi. Shekara biyu ta ɗora wa mutane wannan ƙazanta, safe da yamma, da sunanta a kai. Ita, Tak Malsun!

"Dusik!" Ya taho daga wajen tukunya a guje, Chorong na bayansa. "Ku cire shi. Yanzu-yanzu. Ku shiga ɗakin baya ku cire kafin mutanen yamma su zo. Kuka bar mutane suna kallon wannan? Ba ku da baki ne?"

Ka ji fa, wai ba su da baki. Chorong ta dubi agogon bango, ta dubi ubanta, ta ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki. Ba sai an cire ba. Sha biyu da kansa yake sauyawa."

"Me ke sauyawa?"

Chorong ta sake duban ubanta.

"Na ce me ke sauyawa?"

"Saiti biyu ne a jikin uwar," in ji Chorong. "Naki yana tashi bakwai na safe. In kin tafi, sha biyu daidai, sai duk su mutu su tashi da wanda na yi. Mutanen yamma ba su taɓa ganin wannan ba tun ranar da Baba ya kai miki makulli."

Malsun ta juya ta kalli Manho. Ya cire gilashin a hankali.

"Kai ma?"

"Gwaggo, ni... mu na safe mu biyar ne. Taliya ake ba mu kyauta. Aka ce mu yi shiru kawai."

Taliya! Da kwanon taliya aka toshe bakin mutum biyar, taliyar da ita da hannunta take dafawa ta kai musu. Wato duk safiyar duniya ana kunna allo sittin don tsohuwa ɗaya ta zaga hannu a baya ta gyaɗa kai, ana jira ta sauka bene a share. Wato cikar shagon da take yi wa Chorong gori da ita ba tata ba ce. Kada wani ya ce tausayi ne. Wane irin tausayi ne zai sa ka ga mace tana makancewa a gabanka, ga shaida a bango guda kullum, ka zuba mata ido don kana tsoron bakinta?

"Kun sani," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba su tsoro ke nan. "Kullum kuna ganin idona yana mutuwa, har kuna auna shi da lamba. Ba wanda ya kama hannuna ya kai ni asibiti."

"Yaya, ai na faɗa miki, kika ce..."

"Allo ka ce! Mutane na ƙorafi ka ce! Ka taɓa cewa, Yaya, idonki ne? Ka taɓa?"

"Tsoro na ji."

"Tsoro. Mijin yayarka ya yi ta shan magani ba daidai ba saboda kai kana jin tsoro. Da ka faɗa, da na zage ka, da na yi wata ban amsa gaisuwarka ba. Sai me? Zagi na kisa ne? Ka gwammace ka yi mini wasan yara a gaban mai gyaran firji."

Dusik ya fara hawaye, ƙato da shi. Gaskiyar magana, da ya faɗa da ta ɗaga rufin shagon, ita ma ta san haka, kuma sanin nan shi ya fi ƙona mata rai, domin ta rasa wanda za ta ɗora wa haushin gaba ɗaya. Ta ce ya matsa ya ba ta wuri.

Ta je kujera ta bakwai ta zauna. Saura minti shida. Ta shiga wasan, ta kai maharbiyarta kan tudu, ta rufe sabon idon da tafin hannu. Ga shi nan: ƙanƙara fara sol, inuwar itatuwa kwance a kanta daidai gwargwado, gari ya yi wasai. Ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, ta san haka, kuma duk duniya ido ɗaya ne ya rage mai iya ganinsa. Chorong ta matso ta tambaya a hankali ko a dakatar da sauyin na yau. Malsun ta ce in ta taɓa shi sai ta karya mata hannu.

Sha biyu ta buga. Layin gaba ya mutu, na biyu ya bi shi, duhun ya taho kujera-kujera har ya iso ta bakwai. Malsun ba ta sauke hannunta ba, ba ta kuma jira su tashi ba. Ta miƙe ta rataya jaka, ta bi bango ta nufi ƙofa.

"Yaya, gobe za ki zo?"

"Ranar Alhamis za a yi ɗayan idon," ta ce, ba ta juyo ba. "Har ranar ku bar mini na safe. Bayan nan ku goge shi, ba mai ganinsa kuma."